Shekarata ta Farko a Jami'a: Daga Layin Rajista Zuwa Allon Sakamako

Ƙanina ya samu gurbin karatu bana, kuma tun ranar da sunansa ya fito bai bar ni na huta ba. Yaya, wace takarda zan fara kaiwa? Yaya, nawa zan riƙe? Yaya, a ina zan kwana ranar farko? Waɗannan tambayoyi ne ni ban samu wanda zan yi wa ba lokacin da na shiga, domin a gidanmu ni na fara taka jami'a. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance, daki-daki, ko wani ya huta da irin zirga-zirgar da na sha. Jami'ar tamu ta gwamnatin tarayya ce a nan Arewa, kuma da na zauna da abokaina na wasu jami'o'in, sai na tarar bambancin labarinmu kaɗan ne.

Na rubuta JAMB a watan Mayun 2022, na ci 231, na nemi fannin harhaɗa magunguna. Lokacin kuwa malaman jami'a suna cikin yajin aikin ASUU wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Duk tsawon lokacin ina shagon Baba a Malumfashi ina awon masara da gero, ina duba waya kamar mai jiran haihuwa. Bayan an janye yajin aikin aka yi mana tantancewa, aka ce kowa ya tabbatar sakamakonsa na WAEC ko NECO yana kan shafin JAMB. Wannan ba a kowane kafe ake yi ba, sai a cibiyar da hukumar ta amince da ita, kuma wanda bai ɗora ba ko maki nawa ya ci ba za a ba shi gurbi ba. Na ɗora nawa, na ci gaba da jira. Ranar da saƙo ya bayyana a CAPS, wato shafin da ake karɓar gurbi ko a ƙi shi, ba abin da nake fata na gani ba: an nemi yardata a mayar da ni Kemistiri. Na yi kusan mako biyu ban taɓa shafin ba, saboda na riga na gama gaya wa unguwa cewa magani zan karanta. Kawu, wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare, shi ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, da babu gara ba daɗi. Yajin aiki ya ci maka shekara, kai kuma za ka ƙara wa kanka wata?" Na danna amincewa. Bayan kwanaki gurbin ya fito, na sake danna karɓa. Abin lura a nan, takardun shiga biyu ne ba ɗaya ba: akwai ta JAMB, akwai ta makaranta. Duk ka buga su ka adana, domin wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB a matsayin ɗalibin jami'ar, rigimarsa tana jiransa ranar da za a tura 'yan bautar ƙasa.

Aka buɗe biyan kuɗi a farkon Fabrairun 2023, daidai tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Wanda ya ga lokacin nan ba sai an ba shi labari ba. Kuɗinka na banki amma ba ka iya ganinsa da ido, masu POS suna cire dubu ɗaya a kan kowace dubu biyar, in ma an same ta. Kuɗin makaranta ta Remita ake biya. Za ka shiga fotal ɗin jami'a ka ciro lamba mai tsawo da ake kira RRR, sannan ka biya a banki ko da kati. Biya biyu ne: na farko kuɗin amsa gurbi, sai an tabbatar da shi sannan ƙofar kuɗin rajista ke buɗewa. Ni ban san kan abin ba, sai na miƙa wa wani mai kafe komai, ya caje ni naira 1,500, ya cike mini bayanai da lambar wayarsa da imel ɗinsa, ya kuma zaɓa mini kalmar sirri bai gaya mini ba. Ban ga illar hakan ba sai bayan wata biyu, ina makaranta, ina buƙatar sake buga wata takarda, mutumin kuma wayarsa a kashe kwana uku. Don Allah ko a kafe za ka yi, ka tsaya a kansa: lambarka, imel ɗinka, kalmar sirrinka, ka rubuta su a bayan littafi. Rasit ɗin Remita kuma ka buga aƙalla biyar, domin kowane ofis sai ya riƙe ɗaya.

Ranar tafiya Inna ta ɗaure mini garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa a gora, da ɗan dambun nama da ta ce kada in buɗe sai na rasa abin ci. Baba ya ba ni dubu goma sha biyu tsofaffin takardu da sababbi a gauraye, wadda na san da ƙyar ya haɗa ta. Na isa bayan la'asar, ofisoshi sun tashi, ban san kowa ba. A masallacin makaranta na kwana, jakata a matsayin matashi, ni da wasu samari kusan ashirin masu irin halina. A nan na fara jin ana ce mana jambito, sunan da tsofaffin ɗalibai ke kiran sababbi da shi. Ba a ɓoye muke ba kuwa: duk wanda ka gani da sabon fayil a hammata yana karanta allon kowane gini, ɗanmu ne.

Washegari bayan asuba na tafi wurin tantance takardu ina ganin na yi sammako, na tarar an riga an rubuta suna a takarda, ni ne na 164. Ban shiga ba ranar. Kwana na biyu na shiga wajen ƙarfe ɗaya. Abin da suka nema: takardun shiga biyun nan, sakamakon JAMB na asali mai hoto, sakamakon sakandare da katin duba shi, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, shaidar gama firamare da sakandare, rasit, da hotunan fasfo. Matar da ke dubawa ta ɗora takarduna biyu gefe da gefe, ta sa biro ta nuna mini. A sakamakon sakandare sunan mahaifina da rubutu ɗaya, a JAMB da katin ɗan ƙasa da wani rubutun, bambancin harafi biyu kacal, irin wanda kowa ya sani a sunayenmu idan aka mayar da su boko. Ta ce, "Ɗana, ni na san mutum ɗaya ne, amma takarda ba ta sani ba. Je ka kotu ka yo rantsuwa." Na fita ido ya ciko. Sai da na hau a daidaita sahu har babbar kotun jiha, na biya kusan dubu biyu da na buga takarda, na dawo an tashi. Kwana na uku aka buga mini hatimi aka ba ni lambar ɗalibi. Da na jera takarduna a gida na karanta sunana harafi-harafi tun kafin in taso, da a garinmu zan gama wannan cikin awa ɗaya.

Daga nan sai zagaye. Asibitin makaranta suka auna rukunin jini da jinotayif, suka ɗau hoton ƙirji, suka buɗe mini fayil. Wuni guda ya tafi a nan. Laburare minti ashirin. Ofishin kula da harkokin ɗalibai, tsangaya, sannan sashe. A sashe ne ake yin abin da ya fi duk sauran muhimmanci, amma shi ne muka fi yi da gaggawa, wato rajistar kwasa-kwasai. Kowane kwas yana da lamba da nauyi, wanda ake kira yunit. Kai za ka shiga fotal ka zaɓa, ka buga, malamin da ke kula da ajinku, kodineta, ya sa hannu, shugaban sashe ya sa hannu. Wani abokina ya kwafi jerin kwasa-kwasan wani ɗan sashen Bayoloji don ya ga ai duk kimiyya ce, ya bar kwas ɗaya na Lissafi bai yi masa rajista ba. Ya shiga lakca, ya yi tes, ya rubuta jarrabawa, sakamako ya fito babu sunansa. Kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ko ka ci ɗari bisa ɗari, tamkar ba ka yi shi ba ne. Ka karɓi jerin daga hannun kodineta ko daga littafin jagora na sashe, ba daga bakin ɗalibi ba, kuma kwafinka mai sa hannu ka ajiye shi kamar takardar fili.

Ɗakin kwana kuwa ban samu ba. An buɗe fotal ɗin rabon gado da dare, kafin in ji labari da safe an cinye. Akwai masu sayar da gado a ɓoye ninki uku, abin da dokar makaranta ta hana, kuma ni ko halal ne ba ni da kuɗinsa. Allah ya haɗa ni da wani ɗan aji uku ɗan garinmu a masallaci, ya ji hausata ya tambaye ni unguwa, ashe ya san shagon Baba. Ya ce in kawo katifata. Ɗaki na mutum huɗu muka kwana mu tara. Ni ne na ƙarshen zuwa, don haka wurina bakin ƙofa, duk mai fita fitsari da dare sai ya tsallake ni. Da safe a jingine katifu a bango. Ruwa sai an yi sammako a famfo, bokitinka kuma in ba ka rubuta suna da fenti ba ya zama na jama'a. Ban taɓa zama da wanda ba Bahaushe ba sai a ɗakin nan: akwai Bayarabe ɗan Ilorin, akwai Tibi daga Binuwai, akwai Babarbare daga Maiduguri. Makon farko na takura, ina ganin kowa da nasa hali. Kafin wata biyu tukunya ɗaya muke ci, kuma Batiben nan, Kirista ne, shi ke tashina sahur idan ya dawo daga karatun dare.

Ko zama ba mu gama yi ba aka rufe jami'o'in ƙasar baki ɗaya saboda zaɓe, daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris. Muka koma gida, muka dawo, bayan mako guda azumi ya kama ranar 23 ga Maris, a tsakiyar zafin bazara. A haka aka fara lakca gadan-gadan. Ranar farko na shiga babban ɗakin lakca ƙarfe takwas saura kwata, na tarar babu wurin zama har kan matakala, saboda kwasa-kwasan aji ɗaya na Fiziks da Kemistiri da Lissafi duk ɗaliban kimiyya ke haɗuwa a kansu. Na tsaya a baya jikin taga. Malamin yana magana da lasifika mai shaƙewa, Turancinsa da sauri, allo kuma ba na hango shi. Awa biyu na fito da layi huɗu a littafi. A sakandare ni ne na ɗaya ko na biyu a aji, malamai sun san sunana, in ban zo ba a aiko gida. A nan ba wanda ya san na zo, ba wanda zai san ban zo ba. Wannan shi ya fi komai girgiza ni, fiye da yunwa da cunkoso. Har na fara tunanin ko kaina ne bai kai na jami'a ba. Akwai daren da na kira Inna da niyyar in ce mata zan dawo, da na ji muryarta tana sa mini albarka tana cewa duk unguwa ana tambayar ɗan jami'a, sai na ce mata lafiya lau, komai daidai.

Turanci ma ya ba ni wuya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ci shi a takarda, amma ban saba buɗe baki in yi shi ba. Tambaya tana cina a aji, in na tuna mutum ɗaruruwa za su juyo su kalle ni sai in haɗiye ta. Abin da ya cece ni shi ne darussan ƙarin haske da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, ke shiryawa ranakun Asabar da Lahadi kyauta, inda 'yan aji uku da huɗu ke maimaita mana abin da aka koyar, a hankali, wani lokaci har da Hausa. Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista ma suna yin irin nasu. Sai dai ni ban fara zuwa ba sai bayan salla, bayan an yi nisa.

A cikin watan Afrilu aka yi bikin rantsar da sababbin ɗalibai. Muka ari riga da hula, muka sa hannu a takardar alkawari, aka sha hoto. Kawu ne ya zo a madadin gida, ya kawo mini buhun shinkafa ƙarami. Shinkafar nan ta yi rana, domin ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya ninka, kwanon abinci a wurin masu tuwo ya tashi, hatta buga takarda shafi ɗaya ya ƙara kuɗi. Dubu goman da Baba ke turowa a wata ta koma kamar biyar. Na daina sayen abinci, muka haɗa kuɗi mu uku muka cika ƙaramar tukunyar gas, garau-garau da rana, kwaki da ƙuli da dare. Na koyi raba kuɗi gida huɗu ranar da suka shigo, da rubuta duk abin da na kashe. Abin da na fi yi wa rowa shi ne data, kuma rowar nan ce ta jawo mini babbar asarar shekarar.

Kowane aji yana da wakili, kuma duk sanarwa ta hannunsa take fitowa a zauren WhatsApp na aji: an ɗaga lakca, an canja ɗaki, an sa tes. Ni kuwa sai in yi kwana uku ban kunna data ba. An sa tes ɗin Fiziks ranar Alhamis, sai aka dawo da shi Laraba ƙarfe bakwai na safe, aka sanar a zaure daren Litinin. Laraba ina famfo ina wanki, na ga 'yan ajinmu suna dawowa suna gardamar amsar lamba ta uku. Na bar kayan a nan na ruga ofishin malamin. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko ina da takardar asibiti. Na ce lafiyata ƙalau, ban ji sanarwa ba ne. Ya ce to sauran ɗaruruwan ta yaya suka ji? Ba ni da amsa, kuma gaskiyarsa ce. A wurinmu tes da aikin gida maki 30 ne, jarrabawa 70. Tes ɗin nan shi kaɗai 20 ne. Datar naira ɗari biyu ta ci mini maki ashirin.

Jarrabawa ta zo a ƙarshen Yuni. Kafin ta sai ka buga katin jarrabawa, a sa masa hatimi, ka riƙe shi da katin shaida. Ba su, ba shiga. A nan na ga amfanin tsofaffin tambayoyi na shekarun baya, waɗanda ake samu wurin masu hoton takardu da 'yan gaba da mu, domin daga su kake gane yadda malami ke tambaya. Na kuma ga an fitar da wani yaro daga ɗaki saboda 'yar takarda a safa, kuma ba mu sake ganinsa ba a zango na biyu. Wannan ba wurin wasa ba ne, hukuncinsa kora.

Sakamako bai fito ba sai da muka yi nisa a zango na biyu. An liƙa shi a allon sashe, lambobi kawai ba suna, mutane sun yi cincirindo. Ga yadda lissafin yake, domin ni sai a gaban allon nan na fahimce shi, alhali tun makon farko ya kamata. Daga 70 zuwa sama A ce, maki 5. 60 zuwa 69 B, maki 4. 50 zuwa 59 C, maki 3. 45 zuwa 49 D, maki 2. 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 faɗuwa, sifiri. Ana ninka makin kowane kwas da nauyinsa, a tara, a raba da jimlar nauyin da ka ɗauka. Ni na ɗauki yunit 18, na tara 53, aka raba ya ba da 2.94. Fiziks mai yunit uku na ci 33, wato kariyoba, sai na sake shi baɗi tare da ƙannena. Lissafi, shi ma yunit uku, D. Ƙananan kwasa-kwasan masu yunit ɗaya da na ci A a cikinsu ba su iya ɗaga ni ba. Da na san haka, da lokacin da na ɓata ina ƙawata rahoton ɗakin gwaji na ba wa masu nauyin. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Masu cewa aji ɗaya na shan iska ne, a bari sai aji biyu a dage, ba su gaya maka cewa makin aji ɗaya yana cikin lissafin har ranar da za ka fita ba.

Zango na biyu na canja abubuwa kaɗan ne, ba wani abin mamaki ba. Ina fita daga masallacin asuba in wuce ɗakin lakca in kama layi na uku, ko da lakcar ta ƙarfe takwas ce. Data ta shiga cikin kasafin abinci, ina duba zauren aji safe da dare. Muka haɗa rukunin karatu mu biyar, kowa da kwas ɗin da zai koya wa sauran, kuma a nan bakina ya buɗe da Turanci, tunda cikin mutum biyar kuskure ba ya kisa. Abin da aka koyar yau ina bitarsa yau, ba na tara handawut sai daren jarrabawa. Na kuma cire tsoron zuwa ofishin kodineta. Ashe mutumin kirki ne, kawai dai ba zai fito nemanka ba. Na rage yawon hira a dandali da zuwa gida kowane mako biyu, wanda dama kuɗin mota ya hana. Na tara 70 a yunit 18, wato 3.89, jimlar shekara ta tsaya a 3.42. Taƙi kaɗan ya rage in taɓa 3.50, kuma na san daidai inda taƙin ya faɗi: a bakin famfo, ranar Laraba.

Da muka dawo aji biyu kuɗin rajista ya ninka fiye da sau biyu, har wasu 'yan ajinmu ba su dawo ba. A watan Mayun 2024 aka buɗe shafin neman bashin karatu na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibi dubu ashirin a wata. Wajen nema ana buƙatar lambar JAMB, lambar katin ɗan ƙasa, BVN da lambar ɗalibi, kuma nan ma in sunanka ya saɓa tsakanin takardu sai ka sha jira. Ƙanina ba zai kwana a masallaci ba, tunda yanzu ina da gado nawa na kaina, ko da yake shi ma a bakin ƙofa zai fara. Jiya da dare na sa shi ya baje takardunsa a tabarma muka bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila. A takardar ƙaramar hukuma mun tarar an juya masa suna, na mahaifi ya riga nasa. Gobe Litinin zai je sakatariya.